Hukumar Samar da Aikin Yi ta Nijar, ANPE

ANPE hukuma ce ta gwamnatin Nijar da ke haɗa masu neman aiki da masu ɗaukar ma'aikata. An kafa ta a 1996, shekarar da ƙasar ta yi sabuwar dokar ƙwadago. Cibiyarta tana Yamai, kuma tana da rassa a jihohi, har da Damagaram.

Mai neman aiki yakan je da takardun karatunsa a rubuta sunansa, a ba shi kati. Kamfani kuwa doka ta wajabta masa sanar da hukumar guraben da yake da su. Dokar ƙwadago ta 2012 ta kuma tsara aikin kamfanoni masu zaman kansu da ke ba da aron ma'aikata na wucin gadi.

A Damagaram, buɗe matatar man SORAZ a 2011 ya ƙara wa masu takardun shaida kwaɗayin aikin albashi. Amma a ƙauyuka irin na Guna, cikin gundumar Mirya, katin hukuma bai cika tasiri ba. Da an gama girbin gero, samari sukan kama hanyar cin rani zuwa birnin Damagaram ko Kano, inda ɗan garinsu da ya riga su zuwa yake sama musu masauki da aiki.