Zanen Gado da Tsohuwar Kyamara: Tarihin Shagon Hoton Seydou Keita

Sau da yawa idan ma'aikaci ko ɗan sana'a ya yi sha'awar haɗa ɗaukar hoto da aikinsa domin samun na cefane, abin da ke fara karya masa gwiwa shi ne tsadar kayan aiki. Sai ya zauna yana lissafin kuɗin kyamara da fitilu da hayar shago, har niyyar ta bi ruwa. To, tarihi yana da abin cewa a kan wannan, domin kuwa ɗaya daga cikin mashahuran masu hoto na Afirka, marigayi Seydou Keita na birnin Bamako, ya kafa shagonsa ne da kayan da ba su taka kara sun karya ba. A wannan maƙala za mu bi kayan nan ɗaya bayan ɗaya, mu ga amfanin da kowanne ya yi masa, da abin da ya rage bayan an rufe shagon.

An haifi Keita a Bamako wajen shekarar 1921, lokacin ƙasar Mali tana hannun Turawan mulkin mallaka da sunan Sudan ta Faransa. Mahaifinsa kafinta ne, shi ma a sana'ar ya tashi. A 1935 wani ɗan'uwan iyayensa ya dawo daga Senegal da 'yar kyamara ƙirar Kodak Brownie, ya ba shi. Wannan kyamara ba ta gwanaye ba ce, domin tun 1900 kamfanin Kodak ya fito da irinta a kan dala 1 kacal saboda yara da 'yan koyo. Da ita Keita ya fara ɗaukar 'yan gidansu da maƙwabta, yana yi yana ɓatawa. Daga 1939 ya shiga karɓar kuɗi a kan hoto, ba tare da ya ajiye zarto da guduma ba. Wani Bafaranshe mai kantin kayan hoto, Pierre Garnier, da wani malamin makaranta mai ɗaukar hoto, Mountaga Dembele, su ne suka nuna masa hanya. Ashe ke nan shi da malaminsa duk riƙon sana'a biyu suka yi, kuma sai da ya shafe kusan shekara 9 a haka kafin ya buɗe shago. Masu iya magana na cewa sannu ba ta hana zuwa.

A 1948 ne ya buɗe shagon, a cikin gidansu da ke unguwar Bamako-Kura, bayan babban gidan yari. Bai biya haya ba, ga shi kuma wurin yana kusa da kasuwa da silima da tashar jirgin ƙasan da ke tafiya Dakar. Saboda haka fatake da matafiya sukan ratsa a ɗauke su, su tafi da hoton garinsu, can kuma wani ya gani ya tambayi inda aka yi. Hotunan da kansu suka yi masa talla har ƙasashen maƙwabta.

Kyamarar da ya yi suna da ita babba ce, irin mai ƙafa uku wadda mai hoto ke lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle a bayanta, kuma ta hannu ya saya. Ɗan ƙyauren da ke buɗe idonta ya rufe da kansa ya lalace, don haka da hannu yake cire murfin gilashin ya mayar, yana auna lokaci da sabo. Faɗin fim ɗinta santimita 13 ne, tsawonsa 18, wato girman hoton da za a ba mutum. Ba ya buƙatar injin ƙara girma. Sai ya ɗora dodon hoton, wato baƙin fim ɗin da aka wanke, a kan takarda ya haska, hoto ya fito tangaran har ana iya ƙirga zaren ɗinkin riga. Fim yana da tsada, shi ya sa galibi sau ɗaya yake ɗaukar mutum. Wanda ya san harsashi ɗaya gare shi kuwa ba ya harbi sai ya saita, don haka aikinsa na gaske yana ƙarewa ne tun kafin ya taɓa murfin: ya gyara zaman mutum, ya ɗan karkata masa fuska, ya shimfiɗa hannuwa yadda zobe da lalle za su fito, ya baza bakin zane.

Haske kuma na rana ne. Yawancin hotunansa a tsakar gida ya ɗauke su, ko da yake yana da fitilun lantarki saboda masu zuwa da dare. Labulen da ya fara ratayawa a bayan mutane shi ne zanen gadonsa mai geza, daga baya ya riƙa sauya ƙyalle duk bayan shekara 2 ko 3. Wannan sauyi ya yi rana, domin da ya tsufa da labulen ne yake gane shekarun da ya ɗauki hoto.

Sai kuma kayan aro, waɗanda su ne suka nuna ya san halin ɗan Adam. Ya tanadi kwat da agogo da tabarau da alƙalami da rediyo da wayar tarho da furen roba, daga baya har da babur ƙirar Vespa da motarsa Peugeot 203. Magatakarda yana son a gan shi da alƙalami, saurayi yana son ya jingina da babur ko da bai iya tuƙi ba, amarya tana son a ga awarwaronta. A bango ya manna samfurin hotuna domin mai shigowa ya nuna irin tsayuwar da yake so. Mu ma nan mun san wannan ɗabi'a, don duk wanda ya taɓa yin layi a shagon hoto ranar Sallah ya san mutum yana zuwa ne domin a ajiye masa kamanninsa na ranar da ya fi jin kansa.

Bayan Mali ta sami 'yancin kai a 1960, gwamnati ta ɗauke shi aikin hoto a hukumar tsaro a 1962, shagon ya rufe a 1963, shi kuma ya yi ritaya a 1977. Daga nan aka manta da shi, har ta kai a 1991 an baje wasu hotunansa a wani nuni a birnin New York, aka rubuta a ƙarƙashinsu cewa ba a san mai ɗauka ba. A 1992 wani Bafaranshe, Andre Magnin, ya taso Bamako da kofen hotunan yana cigiya. Malick Sidibe, mai shagon hoto a unguwar Bagadaji, yana gani ya ce aikin Keita ne. Da aka isa gidan tsohon, sai aka tarar da dubban dodannin hoto a jere cikin akwatin ƙarfe, ya adana su kusan shekara 30 bayan rufe shago. Daga cikinsu aka wanke waɗanda aka nuna a birnin Paris a 1994. A can ya rasu a 2001, kuma a 2016 aka yi babban nunin ayyukansa a zauren Grand Palais.

A nan akwai abin lura. Kyamara da labule da babur duk sun shuɗe, akwatin nan ne ya dawo masa da sunansa. Amma akwai abin da akwatin bai riƙe ba, domin Keita bai rubuta sunayen waɗanda ya ɗauka ba, shi ya sa yawancin hotunan nan da duniya ke yabo ba su da suna a ƙarƙashinsu. Fuskokin sun tsira, masu su kuwa sai wanda danginsa suka gane.

Babu shakka zamani ya sauya. Shigowar injunan wanke hoto mai kala a shekarun 1980 ta durƙusar da shagunan baƙi-da-fari, har Sidibe ya fi ba da ƙarfi ga gyaran kyamara, yanzu kuma wayar hannu ta shiga kowane aljihu. Duk da haka jerin buƙatun mai farawa yana nan yadda Keita ya bar shi: wuri a kan hanyar jama'a, kyamara ɗaya da hannu ya saba da ita ko da tsohuwa ce, inuwa mai wadatar haske, labule mai tsabta, kujera, da 'yan kayan aro daidai da burin mutanen unguwa. A kan wannan sai mu ƙara abu biyu: ma'ajiya ta asalin hotuna, ko akwati ce ko kwamfuta, da littafin da za a riƙa rubuta sunan kowane mutum da ranar da aka ɗauke shi. Wanda zai fara gobe, ya sayi littafin nan tun kafin ya sayi fitila.