Jarmakoy: daga juyin mulkin 1974 zuwa gangamin 2009

'Yan uwa ɗalibai, da yawa cikinmu sunan jam'iyyar ANDP-Zaman Lahiya kawai muka sani, ba mu san wanda ya kafa ta ba. Shi ne Mumuni Adamu Jarmakoy, ɗan gidan sarautar Doso, an haife shi a 1939.

Da kakin soja ya shigo siyasa. Yana cikin hafsoshin da suka kifar da gwamnatin Jori Hamani ran 15 ga Afrilu 1974, kuma Seyni Kunce ya ba shi ministan harkokin waje, ya riƙe har 1979. Daga nan ya zagaya wasu ma'aikatu, har da ta kiwon lahiya, daga baya ya yi jakadancin Nijar a Amurka. Kada mu yi wa tarihi kwalliya: gwamnatin da ya yi wa hidima shekara da shekaru ba ta da majalisa, ba ta yarda da jam'iyya ko ɗaya ba.

A 1991 ya nemi shugabancin MNSD, Tanja Mamadu ya kada shi. Bai zauna yana cizon yatsa ba, ya fice ya kafa tasa. A zaɓen 1993 ya zo na huɗu da wajen kashi 15 cikin ɗari. To nan fa ake yin ta! Da ya koma gidansu na da, Tanja ya gama. Sai ya kai ƙuri'unsa ga ƙawancen AFC, Mahaman Usman ya hau mulki, shi kuwa ya zama shugaban majalisar dokoki har 1994. A 1999 ya mara wa Mahamadu Isufu baya a zagaye na biyu, a 2004 ya koma bayan Tanja, a 2005 aka ba shi shugabancin babbar kotun da ke shari'ar shugaban ƙasa da ministoci. Masu suka sun ce duk inda inuwa take nan yake shimfiɗa tabarma. Ni dai ina ganin mutum ne da ya gane ba zai taɓa cin zaɓen shugaban ƙasa ba, sai ya koyi yin ciniki da ɗan abin da ke hannunsa.

Amma da tazarce ta zo, bai yi cinikin ba. Tanja ya rusa majalisa ran 26 ga Mayu 2009 don ya samu hanyar ƙara wa kansa shekara uku. Jarmakoy, abokin tafiyarsa na jiya, ya ce tsarin mulki bai yarda ba. Ran 12 ga Yuni kotun tsarin mulki ta soke kiran zaɓen raba gardama. Bayan kwana biyu, ran 14 ga wata, ya fito gangamin 'yan adawa nan Yamai, cikin zafin rana, yana da shekara 70. Nan ya yanke jiki ya faɗi, aka garzaya da shi asibiti, rai ya yi halinsa.

Tanja ya yi zaɓensa ran 4 ga Agusta. Ran 18 ga Fabrairu 2010 sojoji suka sake fitowa daga bariki.