Sabon Bugu ko Ƙarin Saukewa: Tarihin Wata Gardama Tsakanin Masu Wasan Bidiyo

Na san wasu daga cikin malamanmu za su ɗaga gira in suka ga batun wasan bidiyo a wannan mujalla tamu, wadda aka saba ganin nazarin waƙa da zube da nahawu a cikinta. To, ina roƙon a ɗan yi mini haƙuri. Gardamar da zan ba da tarihinta ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa sayen littafi, bayan shekara guda ya ji an ce an fito da sabon bugu mai ƙarin babi biyu. Shin ya sake sayen littafin ɗungurungum, ko kuwa a sayar masa da babi biyun nan kaɗai ya liƙa a bayan nasa? Abin da masu wasan bidiyo suka shekara fiye da talatin suna ja-in-ja a kai ke nan.

Bari mu fara da Street Fighter II, wasan faɗa da kamfanin Capcom na birnin Osaka a ƙasar Japan ya fitar a 1991. Da fari ba a gida ake yinsa ba, a gidajen wasa ne, inda mutum zai jefa tsaba a cikin akwati ya kama sanda. Mayaƙa takwas ne ɗan wasa ke iya zaɓa, akwai kuma wasu manya huɗu da sai dai a yaƙe su, ba a riƙe su. Wasan ya karɓu ƙwarai da gaske. A 1992 sai ga Champion Edition, inda aka buɗe manyan nan huɗu. Kafin shekarar ta fita kuma ga Hyper Fighting, wanda aka ƙara wa sauri, domin a lokacin 'yan jabu sun cika gidajen wasa da nasu kwafin mai gudu kamar walƙiya, har suna neman ƙwace wa Capcom kasuwa. A 1993 aka yi Super Street Fighter II da sababbin mayaƙa huɗu, watau Cammy da Fei Long da Dee Jay da T. Hawk. A 1994 aka yi Super Turbo. Wasa ɗaya, bugu biyar, cikin shekara uku!

Mai karatu na iya cewa wannan ai zalama ce tsagwaronta. Akwai zalamar, ba na musu, amma akwai kuma dalili na dole. A wancan zamani wasa yana zaune ne a cikin kaset ko allon na'ura wanda da zarar an rubuta shi a masana'anta, to, ya rubutu ke nan. Ba wata hanyar aika gyara zuwa ɗakin yaron da ya saya. In an ga wani mayaƙi ya fi ƙarfin sauran, ko ana son ƙara wani, sai dai a buga sabon kaset. Mai gidan wasa bai damu sosai ba, don kuɗinsa na dawowa daga tsabar da ake jefawa. Wanda ya ji jiki shi ne mai na'urar gida, wanda zai biya wajen dala 70 a kan abin da kashi mafi yawa nasa yana da shi a aljihun tebur. Alƙaluman da Capcom ɗin kansa ya bayar sun nuna yadda mutane suka gaji: a kan na'urar Super Nintendo bugun farko ya sayu kwafi miliyan 6.3, na biyu miliyan 4.1, na uku kuwa miliyan 2.

Masu Pokémon sun bi wannan tafarki, sai dai su a hankali suka riƙa yi. Kamfanin Game Freak ya fitar da Red da Green a Japan a 1996, daga baya Yellow ya biyo a 1998. Daga nan abin ya zama al'ada: a fitar da tagwaye, bayan shekara ɗaya ko biyu a fitar da na uku wanda ya haɗa alherin duka biyun ya ƙara nasa. Crystal ya zo a 2000, Emerald a 2004, Platinum a 2008. Galibi kuma na ukun nan ya fi kyau, ba ko tantama. Amma fa duk wanda ya saye shi sai ya faro labarin daga tushe, sa'o'in da ya ɓata a na farko ba su binsa. Har masu wayo suka koyi jira, suna cewa wanda ya yi gaggawa shi ke sayen ɗanye.

Akwai wata hanya ta tsaka-tsaki da masu kwamfuta suka daɗe da ita, watau faifan ƙari da ake sayarwa a kanti, wanda ba ya aiki sai kana da uwar wasan. Brood War na 1998, ƙarin da aka yi wa StarCraft, shi ne misalin da kowa ke kawowa. Amma abin da ya sauya al'amarin baki ɗaya shi ne shigar intanet cikin na'urorin gida. Microsoft ya buɗe Xbox Live a 2002, sa'an nan da na'urar Xbox 360 ta fito a 2005 ta zo da kantinta a cikinta. Yanzu kamfani na iya sayar maka da guntun abu, ka sauke shi kana zaune a ɗaka.

Abin dariya, guntun da ya fara yin suna sulken doki ne. A watan Afrilu na 2006 kamfanin Bethesda ya sa wa masu wasan Oblivion sulken doki a kasuwa kan dala biyu da rabi. Aka yi ta yi musu ba'a, har sunan ya zama abin zolaya ga duk wani ƙarin da bai kai kuɗinsa ba. Duk da haka mutane sun saya, kamfanoni kuwa sun gani. A kasuwanninmu idan mai awo ya ƙara maka ɗan hannu bayan ya cika mudu, gyara ake kiransa, kyauta ne kuma. Masu wasan bidiyo da dama sun ɗauka irin waɗannan ƙananan abubuwa gyara ne, sai suka wayi gari an sa musu farashi.

Capcom ya jima yana tafiya ƙafa ɗaya a tsohuwar hanya, ɗaya a sabuwa. Street Fighter IV ya shigo gidaje a 2009, a 2010 kuma aka sayar da Super Street Fighter IV a faifai dabam kan dala 40, da sababbin mayaƙa goma. Marvel vs. Capcom 3 ya fito a Fabrairun 2011, ga Ultimate ɗinsa a Nuwamban shekarar, wata tara kacal tsakani. Wannan karon uzurin kaset ba ya nan, saboda haka aka yi ca a kan kamfanin. To, da ya juya ga ƙarin saukewa sai ya yi abin da ya fi muni. A 2012 aka fitar da Street Fighter X Tekken, masu tone-tone suka gano akwai mayaƙa 12 a kwance cikin faifan da mutane suka riga suka biya, an kulle su, ana jiran a karɓi dala 20 a ba da mabuɗi. Ungulu da kan zabo ke nan. Daga ranar masu sukar ƙarin saukewa suka sami hujjar da har yau suke riƙe da ita, cewa ba ƙari ake yi ba, yanka ake yi daga jikin wasan a ajiye gefe.

Street Fighter V na 2016 ya zo da alkawarin cewa faifai ɗaya za ka saya, duk gyaran da za a yi wa faɗan kyauta ne, sababbin mayaƙa kuma ko ka biya ko ka tara kuɗin cikin wasa ka fanshe su. Alkawarin ya yi daɗin ji. Sai dai wasan ya fito a rame, mayaƙa 16, ba shi ma da sashen da mutum zai bi abokan gaba ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka saba tun 1991, sai a 2018 aka kawo shi. A nan ne kuma aka saba wa mutane da biyan kuɗin mayaƙan shekara guda tun ba a gama ƙera su ba, cinikin biri a sama. Kafin a rufe littafin wasan mayaƙa sun kai 45. A 2020 kuma me aka yi? Aka tattara mafi yawan abin da aka sayar gutsure-gutsure aka sa masa suna Champion Edition, kan dala 30. Ashe tsohon bugun nan bai mutu ba, labulen baya ya koma.

Haka Pokémon. Bayan Ultra Sun da Ultra Moon na 2017, waɗanda suka fito shekara guda bayan Sun da Moon suka kuma sha suka don kamarsu da na farkon, sai aka sauya salo. Sword da Shield na 2019 ba su sami na uku ba, a maimakonsa aka sayar da ƙarin yankuna biyu a 2020 kan dala 30, rabin kuɗin sabon wasa, kuma mutum ya ci gaba daga inda ya tsaya da dabbobinsa da ya sha wahalar reno. In dai batun aljihu ne da lokaci, gaskiya wannan ya fi adalci ga wanda ya sayi wasan tun ranar farko. Ban ga yadda za a yi jayayya da hakan ba.

Amma ni a ganina ba a nan gizo ke saƙar ba. Yawancin masu gardamar nan lissafin dala suke yi, suna mantawa da tambayar da ta fi: bayan ka biya, me ke hannunka? Kaset ɗin Emerald abu ne cikakke. Kana iya ara wa ƙanenka, kana iya sayarwa in ka matsu, kana iya ajiye shi shekara ashirin ka ɗauko ya kama aiki. Ƙarin saukewa kuwa a ɗaure yake da asusunka da kantin kamfani. In ka sayar da faifan, ƙarin ba ya bin mai saye. Kantin ma ba dawwamamme ba ne. Nintendo ya daina sayarwa a kantin 3DS da Wii U a watan Maris na 2023, Microsoft ya rufe na Xbox 360 a Yulin 2024. Kamfanonin sun bar wa waɗanda suka riga suka saya damar sake saukewa, amma wanda ya zo daga baya ƙofa ta rufe masa. Dubi Fire Emblem Fates: labarinsa hanya uku ne, ta ukun mai suna Revelation ita ce ke warware sauran biyun, kuma ban da wani bugu na musamman da aka yi kaɗan, saukewa kawai ake yi. Tun 2023 ba halattacciyar hanyar sayenta daga kamfanin. Kamar a ce littafi mai juzu'i uku, na ukun ya ɓace daga duniya rana ɗaya. Haka aka yi da Jill da Shuma-Gorath, mayaƙa biyu da ake saye dabam a Marvel vs. Capcom 3: an janye su daga kanti a ƙarshen 2013, ba su dawo ba sai da aka sake buga wasan a 2016 tare da su a ciki. Watau dai sabon bugun da ake zagi shi ya cece su. Abin ya kai har jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi doka a 2024 cewa dole kantunan intanet su riƙa gaya wa mai saye cewa izinin amfani ya biya wa kuɗi, ba mallaka ba.

Wannan magana ta fi shafarmu fiye da yadda ta shafi ɗan Tokyo ko ɗan Landan. Wasanni sukan iso mana ne a makare, galibi faifai na hannu da ya riga ya zaga ƙasashe, ya sauka a shagon gem na unguwa inda yara goma ke layi a kan na'ura ɗaya. Mai irin wannan shago in faifan cikakke ne ya huta. In kuwa rabin mayaƙan suna can a kantin intanet, sai ya nemi data mai yawa, da wutar da za ta tsaya har a gama saukewa, da hanyar biya da kuɗin waje. Da yawa sai sun buɗe asusu da adireshin wata ƙasa kafin kantin ma ya kula su. Saboda haka abin da ya zama rangwame ga mai saye na farko a can, shi ne ya zama gibi ga mai saye na uku a nan. Masu muhawarar a can ba su cika tuna akwai mai saye na uku ba.

Akwai kuma wani abu da mu ɗaliban adabi ya kamata mu fi kowa ganewa. Malamanmu kullum suna horonmu da a duba wane bugu ake nazari, domin abin da aka cire ko aka ƙara tsakanin bugu da bugu shi kansa tarihi ne. Bugu biyar ɗin nan na Street Fighter II da aka yi wa dariya, kowanne yana nan da kamanninsa. A 2018 Capcom ya tara su duka biyar cikin wani kundi na cikar jerin wasannin Street Fighter shekara 30, mai so ya jera su ya ga yadda tunanin maƙeran ya riƙa sauyawa daga 1991 zuwa 1994, har yau kuma ana gasa da Super Turbo. Street Fighter V kuwa duk gyaran da aka sauke yana goge na gabansa ne. Wanda ke son ganin yadda wasan yake a Fabrairun 2016 sai ya nemo faifan farko, ya sa shi a na'urar da bai bari ta taɓa intanet ba.