Tarihin aikin Keita

Ƴan'uwa na gida da na ci-rani, wannan tarihi namu ne. Bayan farin 1973 da na 1984, ƙasar Adar ta koma faƙo. Iska ta kwashe ƙasar noma, ruwan sama yana wucewa cikin kwazazzabai, maza suka watse Abijan da Legas.

A 1984, zamanin Shugaba Saini Kunce, gwamnatin Nijar da ta Italiya suka buɗe aikin Keita cikin jihar Tawa. Italiya ta zuba kuɗi, FAO ta riƙe aikin, PAM ta kawo abincin da ake biyan ma'aikata da shi. To, wa ya ɗauki duwatsu a ka? Galibi mata ne, tunda maza ba su gida. Suka jera duwatsu bisa gangara, suka haƙa ramuka, aka dasa itace wajen miliyan 18 cikin shekara kamar 20. Inda ko ciyawa ba ta fita, hatsi ya tsiro.

Amma kuɗin taimako yana da ranar ƙarewa, ruwa kuwa kowace damina sai ya gwada madatsa. In ta fashe, mu ne masu gyara. Wanda aka cuɗa wa baya, ya cuɗa cikinsa.