Kahhalai: Likitocin Ido na Zamanin Da

A zamanin daular Abbasiyya, lokacin da Bagadaza take cibiyar ilmi, maganin ido sana'a ce mai zaman kanta, kuma ana kiran mai yin ta kahhal, wato mai sa kwalli, domin a farkon al'amari kayan aikinsa ba su wuce tandu da tsinke da garin magani ba. Sannu a hankali sana'ar ta zama fanni mai littattafai, har Hunainu ɗan Is'haƙa, wanda ya rasu a 873, ya wallafa maƙaloli goma kan halittar ido da cututtukansa, bayansa kuma Aliyu ɗan Isa ya rubuta Tazkiratul Kahhalin, inda ya kawo bayanin cututtuka wajen 130.

Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne yadda hukuma ta sa ido a kan masu duba idon. A littafin hisba na Shaizari, na ƙarni na 12, an umarci muhtasibi, wato jami'in hisba, da ya jarraba kowane kahhal da littafin Hunainu, wanda ya san ɗabaƙoƙin ido ya kuma iya haɗa magani a bar shi, jahili kuwa a hana shi taɓa idon bayin Allah.

Babban aikin kahhalai shi ne maganin yanar ido, wadda Larabawa suke kira saukar ruwa. Sai an jira ta nuna, sa'an nan a zaunar da majinyaci yana fuskantar haske, a ɗaure idon mai lafiya, wani ya riƙe masa kai, kahhal kuwa ya soka allura ta gefen farin ido, ya danna yanar ƙasa har ta kauce daga ƙwayar. Nan take mutum ya ga haske, amma dishi-dishi, kuma sau da yawa kumburi ya biyo baya ya tafi da ɗan abin da aka samu. Ammaru mutumin Mausil, wanda ya yi aiki a Masar wajen shekara ta 1000, ya ƙago allura mai rami da yake zuƙe yana mai taushi da ita, sai dai hikimarsa ba ta yaɗu ba. Tsohuwar hanyar ce ta wanzu, har yau ma akwai masu yawo da allurarsu a ƙauyukanmu, ko da yake asibitin ido na Kano yana aiki tun 1943.

Amma duk ƙwarewar kahhal, ganinsa bai wuce ƙofar ido ba, shi ya sa cuta irin hawan jinin ido, mai cin gani daga gefe ba ciwo ba alama, ba ta bayyana gare shi sai ta gama ɓarna. Sai a 1851 Helmholtz na Jamus ya bayyana madubin da ake leƙa cikin ido da shi, daga nan ne likita ya samu dalilin kiran mutumin da yake rantsuwa idonsa ƙalau, ya zaunar da shi ya duba.