Ayarin da Ya Share Wa Motocin Kwana Hanya a Bikin Glastonbury

A ƙarshen watan Yuni, tun ana gobe za a buɗe ƙofofin bikin kaɗe-kaɗe na Glastonbury, filayen ciyawar da ke kewaye da ƙauyen Pilton, a yankin Somerset na kudu maso yammacin Ingila, sukan cika maƙil da motocin kwana. Wasu ƙananan bas ne da aka mayar ɗaki, wasu kuma ɗakuna ne masu taya da ake ɗaura wa mota ta jawo su. Idan ka leƙa cikin ɗaya, za ka ga kujerar baya ta kwanta ta zama gado, ga risho mai kai biyu da tukunyar gas a ƙarƙashinsa, ga ɗan ƙaramin firji, ga jarkar ruwa a kusurwa. A bakin ƙofa an jera takalman roba masu dogon wuya, domin kowa ya san halin ƙasar nan in sama ta zubo. Ba a ja wa kowa wutar lantarki, janareta kuma an hana, sai abin da batirin mota ya ba ka. Da safe za ka ga mutane a layin famfo da jarkokinsu, wasu kuma sun ɗauko tankin banɗakin motarsu za su kai inda aka ware don zubarwa.

Kafin mutum ya samu wannan gurbi, sai ya sayi tikitin biki, wanda a 2024 ya kai fam 355, sannan ya ƙara sayen wani daban na motar. Masu bikin kuma suna da sharaɗi: dole motar ta kasance da wurin kwana da aka ƙera a jikinta, da wurin girki ko na wanka. Wanda ya shimfiɗa katifa a bayan motar kaya bai cika sharaɗin ba. Galibin masu kwana a waɗannan filaye yanzu mutane ne da suka fara manyanta, masu abin hannu, waɗanda bayansu ya gaji da kwanan tanti. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Abin da ke damuna shi ne yadda aka manta da waɗanda suka fara kwana cikin mota a bukukuwan Ingila, mutanen da motar ita ce gidansu gaba ɗaya, kuma suka sha kulki a kanta.

Kalmar da Turawan Ingila ke kiran ɗakin ja da ita asalinta daga Farisanci take, karwan, ma'anarta kuwa ayari, irin wanda fatakenmu suka sani, mai madugu da zango. Ta daɗe tana nufin jerin matafiya kafin ta koma sunan akwati mai taya. Masu wasan tashe-tashen kasuwa da ƙabilar Romani sun riga kowa zama cikin keken doki mai rufi a Birtaniya, amma wanda ya mayar da abin shaƙatawa shi ne wani likitan sojan ruwa mai ritaya, William Gordon Stables. A 1885 ya sa aka ƙera masa keken kwana a Bristol, na katako mai tsada, dawakai biyu na ja, ya kama hanya daga kudancin Ingila har Inverness a Sikotilan, tare da mai kora masa dawaki, da baransa, da karensa, da tsuntsunsa. Jama'a suka yi ta sha'awa. A 1907 aka kafa ƙungiyar masu irin wannan yawo. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanin Volkswagen ya fito da ƙaramar bas ɗinsa a 1950, kamfanin Westfalia ya shiga sanya mata gado da kabad, ita ce ta zama tambarin matasan shekarun 1960 masu dogon gashi da ƙin yaƙi.

Shi bikin Glastonbury manomi ne ya fara shi. Michael Eavis ya gaji gonar shanun madara ta Worthy a 1954, yana ɗan shekara 19. A watan Yunin 1970 ya je wani bikin kiɗa a filin baje kolin amfanin gona na Bath and West, kusa da garin Shepton Mallet, ya ga ƙungiyar Led Zeppelin tana wasa, ya dawo gida da niyyar yin nasa. Ranar 19 ga Satumba, 1970, washegarin rasuwar mawaƙi Jimi Hendrix, mutum kusan 1,500 suka hallara a gonarsa. Kuɗin shiga fam 1 ne, har da madarar shanu kyauta. Shekarar da ta biyo aka kafa dandalin nan mai siffar dala a karon farko, shiga kuma kyauta. A wancan zamani babu filin mota daban da filin tanti. Inda motarka ta tsaya, nan ne masaukinka.

Amma zuciyar wannan labari tana can gabas, a Stonehenge, wurin tsofaffin duwatsun da aka kafa a da'ira shekaru dubbai da suka wuce. Daga 1974 ake yin wani biki na kyauta a gefensu duk watan Yuni, a daidai ranar da ta fi kowace tsawo a shekara. Babu tikiti, babu shinge, babu mai gida. Wasu daga cikin masu zuwa suka ga cewa daga wannan biki zuwa wancan tazarar kwanaki ce kawai, to me zai mayar da su ɗakin haya a birni? Suka riƙa sayen tsofaffin bas-bas, da motocin asibiti da na kashe gobara da gwamnati ta yi gwanjonsu, da motocin ɗaukar dawaki. A cire kujeru, a kafa gado, a sa murhun itace a fitar da bututun hayaƙi ta rufi, a rataya labule, a zana furanni a jiki. Farkon shekarun 1980, lokacin da marasa aikin yi a Birtaniya suka haura miliyan 3 a zamanin Firaminista Margaret Thatcher, matasa da yawa sun shiga wannan rayuwa saboda ba su da wata. An haifi yara a cikin motocin nan, an yaye su a ciki. A 1982 jerin motocin ya tashi daga Stonehenge zuwa Greenham Common, inda mata suka kafa sansanin adawa da makamai masu linzami na Amurka, daga nan sunan Ayarin Zaman Lafiya ya bi su.

Kada a ɗauka waliyyai ne. Akwai miyagun ƙwayoyi a cikinsu, akwai masu taurin kai, manoma da yawa sun yi kukan an ɓalle musu shinge an tattake ciyawa. Bikin Stonehenge na 1984 ya tara mutum kusan 30,000, hukumomin da ke kula da duwatsun kuma suka ce ana lalata wurin tarihi. Sun samu umarnin kotu na hana bikin 1985, aka shata iyaka ta mil 4 kewaye da duwatsun. Har nan dai magana ce ta doka, kuma mai hankali zai iya fahimtar kowane ɓangare. Abin da ya biyo baya ne ba shi da uzuri.

Ranar 1 ga Yuni, 1985, ayarin motoci kusan 140, ɗauke da mutum kusan 600, ya taso daga dajin Savernake ya nufi Stonehenge. Saura mil 7 su isa, suka tarar 'yan sanda sun juye tifofin tsakuwa sun toshe hanya. Aka fara fasa gilasan motocin gaba, ana jawo mutane. Sauran suka karya shinge suka faɗa wani fili, daga nan wasu suka kutsa cikin gonar wake da ke maƙwabtaka, wadda sunanta ya zama sunan ranar: Yaƙin Gonar Wake. An yi awoyi ana kallon kallo. Da yamma 'yan sanda kusan 1,300 suka shiga da kulake da garkuwoyi. Suka bi mota-mota suna farfasa tagogi, alhali akwai mata da ƙananan yara a ciki. Ka tuna abin da ke bayan kowane gilashin nan: gadon yaro, tukunyar da aka ci abincin rana a cikinta, ɗan abin da mutum ya mallaka a duniya. An kama mutum 537 a yini guda, ɗaya daga cikin kame mafi girma da aka yi wa farar hula a tarihin Ingila. An raba wasu yara da iyayensu na ɗan lokaci, motoci da yawa kuma aka mayar wa masu su a ragargaje.

'Yan sanda sun ce an jefe su da duwatsu da itatuwa, an kuma tuƙo motoci a kansu. Sai dai akwai shaidun da ba a iya kawar da su ba. Wakilin gidan talabijin na ITN, Kim Sabido, yana wurin da kyamara. Haka shi ma Earl na Cardigan, basarake ɗan jam'iyyar masu ra'ayin riƙau, wanda danginsa ke da dajin Savernake, ya bi ayarin a kan babur ya ga komai da idonsa. Ya ba da shaidar dukan da ya ga an yi wa mata, har da mai juna biyu, jaridu suka yi masa ca a kai, bai janye ba. Shekara 100 cif ke nan bayan keken likita Stables, wanda aka yi wa tafi a hanya. A 1991 mutum 21 daga cikin waɗanda suka kai 'yan sanda ƙara suka yi nasara, aka yanke musu diyyar fam 24,000, amma alƙali ya ƙi ɗora wa 'yan sanda kuɗin shari'a, diyyar ta tafi a nan.

Da aka rufe Stonehenge, ayarin ya rasa zango, sai gonar Worthy ta buɗe masa ƙofa. Eavis, mutum mai riƙo da cocin Methodist, ya ba su fili duk da ƙorafin maƙwabta da na ƙaramar hukuma. A shekarun nan bikin ya riga ya girma, yana tara kuɗi wa ƙungiyar yaƙi da makaman nukiliya tun 1981, har Fela Kuti ya hau dandalinsa a 1984. Zuwan matafiyan ya ƙara masa wani abu da kuɗi ba ya saye. Su ne masu walda, masu kafa rumfa cikin dare ɗaya, masu kiɗa har asuba a gefen filin da babu sunansa a jadawali. A 1987 ƙungiyar Mutoid Waste Company ta Joe Rush ta kafa kwaikwayon duwatsun Stonehenge da matattun motoci a gonar. Sashen kudu maso gabashin bikin, wanda yau ake tururuwa cikinsa bayan tsakar dare, daga filin matafiyan nan ya tsiro.

Zaman bai ɗore lafiya ba. A 1990, washegarin tashi daga biki, rikici ya ɓarke tsakanin matafiya da masu gadin da aka ɗauko haya, aka ƙona motoci, aka kama mutum 235, asara ta kai fam 50,000. Ba a yi biki a 1991 ba. Sannan bayan wani gagarumin taron kyauta da ya ɗauki mako guda a Castlemorton a watan Mayun 1992, majalisa ta yi dokar 1994 wadda ta ba 'yan sanda ikon tarwatsa irin waɗannan taruka da ƙwace motoci. Dokar ta kuma soke wajibcin da ke kan ƙananan hukumomi tun 1968 na tanadar wa matafiya wurin sauka, abin da ya faɗa kan 'yan Romani da matafiyan Ayalan waɗanda ba ruwansu da wani bikin kiɗa. Da yawa daga 'yan ayarin suka sayar da motocinsu, wasu suka tsallaka Sifen da Fotugal.

Shinge ne ya ƙarasa sauran. A 2000 masu tsallake suka kusan ninka adadin da aka ba da lasisi, a shekarar da mutum 9 suka mutu a turmutsitsin bikin Roskilde na Denmak. Hukuma ta tsorata, kuma da gaskiyarta. Aka huta a 2001, a 2002 aka kewaye gonar da katangar ƙarfe ta kusan fam miliyan 1, wadda ta kai tsayin mutum biyu. Ban ce kada a yi ta ba, domin rai ya fi komai, kuma wurin da ke ɗaukar mutum sama da 200,000 ba ya yiwuwa sai da ƙidaya. Amma tun daga lokacin motar mai tikiti a wajen katanga take kwana. Mai ita yana takowa da ƙafa, ya nuna abin hannunsa a ƙofa, ya shiga ya sha kiɗa, cikin dare ya hau tudu ya koma gadonsa.

Laka kaɗai ce ba ta canza ba. A 2016 ruwan sama ya jiƙa filayen har motocin kwana suka riƙa kafewa tun daga bakin shiga, layi ya toshe hanyoyin Somerset, wasu suka kwana a kan titi, taraktocin manoma suna jawo motoci ɗaya bayan ɗaya. A 2023 Joe Rush ya sake kafa duwatsunsa na motoci, wannan karon a tsakiyar biki kuma bisa gayyata. Masu neman gurbin mota kuwa sun yi yawa har filayen Pilton ba sa ɗaukarsu, don haka aka buɗe wani zango a nesa kaɗan, bas na jigilar mutane daga can zuwa ƙofa dare da rana. Wurin shi ne filin Bath and West, inda Eavis ya tsaya yana kallon Led Zeppelin a 1970.