Kasuwar Ɓoye ta Silk Road da Tasirinta ga Tattalin Arziki



Duk wanda ya nazarci tarihin fatauci ya san cewa ciniki ba ya kankama sai da abubuwa uku: kasuwar da za a haɗu, kuɗin da kowa ya yarda da shi, da dillalin da zai tsaya tsakani. Fataucin miyagun ƙwayoyi ya daɗe yana fama da ƙarancin waɗannan, domin mai saye da mai sayarwa kowa na tsoron ɗan'uwansa, dukansu kuma suna tsoron hukuma. Manufar wannan lacca ita ce nuna yadda intanet ta cike wannan giɓi, da abin da ya biyo baya.

A shekarar 2011 wani saurayi Ba'amurke, Ross Ulbricht, ya buɗe kasuwa a intanet, ya raɗa mata suna Silk Road, wato sunan tsohuwar hanyar fataken siliki da ta taso daga ƙasar Sin. Ba a shigarta sai ta manhajar Tor, mai ɓoye sawun mai shiga. Kuɗin cinikin kuwa Bitcoin ne, wanda ba ya bi ta banki. Kasuwar ita ce dillali: takan riƙe kuɗin mai saye har kaya su iso masa ta gidan waya, sa'an nan ta cire la'adarta, ta miƙa wa mai kaya saura.

Tasiri na farko shi ne dukiyar da ta kuɓuce wa baitulmali. Sa'ad da hukumar FBI ta rufe kasuwar a Oktoba 2013, takardar ƙarar ta nuna an yi cinikin Bitcoin kimanin miliyan 9.5, la'ada kuma ta haura 600,000. Na biyu, Silk Road na cikin wuraren farko da Bitcoin ya sayi kaya da yawa, saboda haka haramtaccen ciniki ya taimaka wajen raya kuɗin da daga baya manyan kamfanoni suka rungumi. Na uku, abin mamaki, gwamnatin Amurka kanta ta zama mai gwanjo: a 2014 ta sayar da Bitcoin kusan 30,000 da ta ƙwace, a 2020 kuma ta ƙwato sama da 69,000, waɗanda darajarsu ta kai kimanin dala biliyan ɗaya.

To, amma rufe kasuwa bai kashe cinikin ba. AlphaBay ta gaje ta, ta ma fi ta girma, aka rufe ta a 2017. Hydra ta masu jin Rashanci ta bunƙasa har 'yan sandan Jamus suka tarwatsa ta a 2022. Shi kansa Ulbricht, wanda aka yanke wa ɗaurin rai da rai a 2015, Shugaba Trump ya yafe masa a 2025.

A taƙaice, riba ta tafi aljihun 'yan kaɗan, asarar kuwa ta faɗa kan jama'a: kuɗin asibiti, kuɗin shari'a, da ƙarfin matasa da ya salwanta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Muddin akwai mai neman ƙwaya, dillali ba zai rasa rumfa ba.